Shin Dutse Yana Girma? Darasi Daga Kwatarkwashi Zuwa Duwatsun Ƙasar Zuru

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Zuru



Da farko ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Sa'ad da sakatare ya kawo mini takarda cewa ni zan yi jawabin bana, na so in zille, domin tsayawa gaban malaman da suka san makin da mutum ya ci a aji biyu ba ƙaramin aiki ba ne. To amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na daɗe ina cin shinkafar wannan ƙungiya, yau ga ranar biya ta zo.

Zan yi magana ne a kan duwatsu, kuma zan fara da wata tambaya da aka yi a wancan ajin da ke kusa da ɗakin gwaje-gwaje. 'Yan ajinmu za su tuna. Malaminmu na labarin ƙasa yana cikin darasi, sai wani daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai da gaske ne dutse yana girma?" Ya ce kakarsa ce ta gaya masa cewa falalen dutsen da suke shanyar dawa a ƙauyensu, lokacin tana yarinya bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma yanzu ya isa sussukar gida guda. Muka kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Kakarka ba ta yi ƙarya ba. In ka koma gida ka tambaye ta ina ƙasar da ke gefen falalen ta tafi." Sai aka kaɗa ƙararrawa, muka watse.

Ban gane wannan amsa ba sai bayan shekaru, ranar da na fara tafiya Zariya karatu ta hanyar Daki Takwas da Anka da Gusau.

Dutsen Kwatarkwashi

Duk wanda ya bar Gusau ya nufi Tsafe da Funtuwa ya san abin da nake nufi. Tafiya kaɗan, cikin fili shimfiɗaɗɗe na gonakin dawa da gero, sai ka ga dutse ya taso gabanka, baƙi wuluk, sumul, gefensa a tsaye kamar bangon da magini ya daidaita. Garin Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, yana kwance a gindinsa. A fuskokinsa masu santsi babu itace babu ciyawa, sai zane-zanen da ruwan sama ya bari daga sama har ƙasa. A gindi kuwa ga manyan duwatsu jibge, wani kan wani. Can sama, inda ƙafar mutum ba ta kai sai da wahala, nan mikiya take sheƙa, kuma an daɗe da sanin dutsen da ita.

Da na isa Zariya na tarar da ɗan'uwansa, watau dutsen Kufena. Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja kuma ya san Zuma, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga filin da ke kewaye da shi, shi ne aka sa hotonsa a takardar naira 100 da ta fito a 1999. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Wilhelm Bornhardt, ya ga irinsu a Gabashin Afirka, kuma a 1900 ya ba su suna da harshensa mai ma'anar "tsibirin dutse", saboda suna tsaye su kaɗai a fili kamar tsibiri a tsakiyar ruwa.

Tambaya ita ce, me ya tsayar da irin wannan dutse shi kaɗai, me kuma ya sa gefensa ya miƙe haka? Akasarin mutane sukan ɗauka tasowa ya yi daga ƙasa, ko kuwa aman wuta ne ya jefo shi. Amsar masana ita ce amsar malaminmu. Dutsen yana nan inda yake tun asali, ƙasar da ta binne shi ce ta tafi.

Asalin dutsen

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da kimanin miliyan 4,500. Ɓawon duniyar nan da muke takawa a rarrabe yake, manyan ɓangarori ne da ke motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, gwargwadon tsiron farce. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsohon ɓangaren da ke yamma da mu, wanda ke ƙarƙashin yawancin Gana da Burkina Faso da Mali a yau, ya yi karo da ɓangaren da muke kai. Wurin karon ya tattare ya yi tozo, kamar yadda tabarma take yi in an turo ta daga gefe biyu, aka sami jerin manyan tsaunuka. Irin wannan karon ne tsakanin Indiya da sauran Asiya ya ta da tsaunukan Himalaya, inda Everest yake da tsawon mita 8,849, kuma waɗancan har yau suna ƙaruwa da 'yan milimita a shekara. Saboda haka akwai duwatsun da ke girma, sai dai namu ba sa cikinsu. Namu saiwar tsaunukan da suka riga suka ƙare ne.

A lokacin wancan karo, zafi da matsi sun yi aiki iri biyu, kuma duka biyun muna da shaidarsu a ƙasar Zuru. Na farko, tsohon laka da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa sun gasu sun matsu, suka zama dutse mai shafi-shafi, wanda in ka sa masa diga yakan tsage falle-falle. Masana suna kiransa shist. Yana kwance ne ziri-ziri daga kudu zuwa arewa, kuma kowane ziri an ba shi sunan garin da ke kansa: akwai na Anka, na Maru, na Birnin Gwari, na Kushaka, akwai kuma na Zuru. Wannan ya kamata ƙannenmu su sani. Duk ɗalibin da ya karanta ilmin duwatsu a jami'o'in Nijeriya sai ya haɗu da sunan garinmu a littafi.

Na biyu, can ƙasa da nisan kilomitoci, wani sashen dutsen ya narke. Narkakken ya kutsa cikin na samansa, bai kai ga fitowa fili ba, ya tsaya ya huce sannu a hankali cikin dubban dubban shekaru. Shi ne giranit, dutsen da ake fasawa a yi kankare da shi. Jinkirin hucewar ne ya ba ƙwayoyinsa damar girma har ido yana ganinsu. In kun ɗauki gutsurensa za ku ga iri uku: wata ƙwaya mai haske kamar gilashi, wata fara ko ja-ja mai kusurwa, da wata baƙa mai ƙyalli da ke ɓarewa da farce. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu dawo kansu. Kwatarkwashi da Kufena irin wannan dutse ne, haka ma falalen da ake shanya a kansu a ƙauyukanmu da yawa.

Baturen nan J. D. Falconer, a littafin da ya wallafa a 1911 kan duwatsu da labarin ƙasar Nijeriya ta Arewa, shi ya raba giranit ɗinmu gida biyu, tsoho da sabo. Namu shi ne tsohon. Sabon shi ne na wajen Jos, mai kuza, wanda yawancinsa bai kai shekaru miliyan 200 ba.

Yadda ya fito fili, da dalilin tsayuwarsa

Ruwa ne ya yi aikin, tare da lokaci. Giranit yana da tsaga a jikinsa, wani wuri tsagogin suna kusa da juna, wani wuri kuwa sai a yi tafiya mai nisa dutsen yana curi guda. A ƙasa mai zafi da damina irin tamu, ruwan sama yana bin tsaga ya shiga, ya zauna, ya riƙa cin dutsen. Farar ƙwayar nan takan ruɓe ta zama yumɓu, wanda iyayenmu mata suke ginin tukwane da shi. Baƙar mai ƙyalli ita ma takan ruɓe, ƙarfen da ke cikinta ya yi tsatsa ya rina ƙasa ja. Mai kama da gilashin ce ba ta jin ruwa, ita ce yashin da muke ɗiba a rafi. Inda tsaga ta yi yawa dutsen yakan ruɓe har zurfin mita da yawa. Inda babu tsaga sai ya zauna daram a binne, kamar ƙwallon mangwaro a cikin tsokarsa. Sa'an nan koguna da ƙoramu su yi ta kwashe ruɓaɓɓen, shekara bayan shekara, har ƙwallon ya bayyana.

Da zarar kansa ya fito, sai ya sami wata kariya. Ruwan da ya sauka a kan falale ba ya zama, yakan gangara nan da nan, rana ta busar da wurin. Dutsen da ba ya jiƙa ba ya ruɓa. Amma duk ruwan nan a gindi yake taruwa, inda ƙasa ke riƙe da danshi. Saboda haka gindin yana ciwuwa, saman yana nan, gefen kuwa sai ƙara miƙewa yake yi. Bugu da ƙari, dutsen da ya saba da nauyin kilomitoci na ƙasa a kansa, da aka sauke masa nauyin sai ya ɗan saki jiki, ya riƙa tsagewa ɓawo-ɓawo kamar albasa. Zafin rana da sanyin dare suna taimakawa. Ɓawon da ya saki yakan zame ya faɗo, shi ne tulin duwatsun da ke gindi, da kogunan da rema da birai suke fakewa. Wannan ɓarewa ita ke ba dutsen siffar ƙwarya a kife.

Kada mu ɗauka duk dutse mai tsayi haka ya samu. Dutsen Wase a Jihar Filato maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne, narkakken dutse ya daskare a cikinsa, jikin ya zaizaye ya bar toshiyar a tsaye. Dala ta Kano kuwa hular marmara ce ta kare ta, marmara mai tama, wadda maƙeran farko suka zauna dominta. Kuma namu duka ƙanana ne in an gwada da Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. Abin mamaki shi ne, dutsen da ya fi kama da Kwatarkwashi yana iya kasancewa a hayin teku. Dutsen nan mai siffar curin sukari da ke bakin birnin Rio de Janeiro a Brazil ɗan gidansu ne, kusan zamani guda, domin a lokacin Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke, Tekun Atlantika bai raba su ba tukuna. Ikon Allah ke nan, ilmi kuwa yana nuna mana hanyar da abin ya bi.

Ina ruwanmu da wannan?

Na ga wasu 'yan ajinmu sun fara duba agogo, suna cewa a ransu, shekaru miliyan 600 ba su sa tuwo a kwano. To ga inda suke sawa.

Na ɗaya, ruwan sha. Wanda ya bi hanyar Dabai da Mahuta zuwa Koko, ya wuce Jega da Birnin Kabi, zai lura cewa duwatsunmu suna ɓacewa, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Can tsohon dutsen ya nutse, yashi da laka sun rufe shi, domin teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun teku, kuma a wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da masana suka raɗa wa sunan garin. Dutsen yashi irin na can yana shan ruwa kamar soso. Namu ba ya sha. A ƙasar Zuru ruwan ƙarƙashin ƙasa yana samuwa ne a wuri biyu kawai, cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsaga. Shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa ya samu, kai ka haƙa taku hamsin daga nan ka tarar da ƙura.

Wannan na gani da idona. A unguwarmu mun taɓa yin karo-karo, har da kuɗin tsofaffi mata masu sayar da ƙuli-ƙuli, muka kira mai injin haƙa rijiyar burtsatse. Aka ce a fara kiran masu na'urar auna ƙasa, muka ga kamar ɓarnar kuɗi ce, aka zaɓi wuri don yana kusa da hanya. Injin ya kwana biyu yana aman farar ƙura, ko ɗigo ba a samu ba. Ina cikin kwamitin, ga kuma takardar digiri a akwati, amma na yi shiru don kada a ce yaro ya cika iyayi. Har yau in na haɗu da tsofaffin nan sai in sunkuyar da kai. Kuɗin awon bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka zuba a ramin ba.

Na biyu, zinariya. Jijiyoyin farin dutse da ke ratsa shist su ne masu ɗauke da ita, shi ya sa haƙar zinariya ta bi zirin Anka da Maru da Birnin Gwari. Amma a wasu wuraren jijiyar da ta ɗauko zinariya ta ɗauko dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na kusa, an riƙa kai dutsen gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, yara suna wasa cikin ƙurar. Yara aƙalla 400 suka rasu da gubar dalma, dubbai suka kamu. Iyayen nan neman halal suke yi, abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu abin da ke cikin dutsen. Duk wanda ke da ɗan'uwa mai wannan sana'a, ya gaya masa kada ya kai dutsen haƙa cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, ya kuma wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Na uku, shi ne amsar kakar abokinmu. Falalen ta faɗaɗa a idonta ne saboda ƙasar gonar ta tafi. Aikin da ruwa yake yi cikin dubban shekaru, mu muna gaggauta shi cikin rayuwar mutum guda. Ƙasar Zuru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, cikin 'yan watanni, kuma duk wanda ya sauka a kan dutse gangarowa yake yi da ƙarfi. Abin da ke tare shi su ne itatuwan gindin dutse da na gangare, irin su gamji da hano da kukkuki da ƙirya, da ciyawar da ke ƙarƙashinsu. In aka sare su aka yi gawayi, ruwan yakan kwashe ƙasar sama, ya yanka kwazazzabo, ya cike rafi da yashi, idon ruwan da ke gindin dutse kuma ya ƙafe tun kafin bazara. Santimita guda na ƙasar noma yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Mu kuwa an san mu da noma tun kaka da kakanni, gwarzon namiji a ƙasar nan da garma ake gane shi. Manomin da ƙasarsa ta bi ruwa, me zai bar wa ɗansa, falale?

Kada kuma mu manta da alherin da duwatsun nan suka yi mana. A ƙarni na 19, lokacin hare-haren kamun bayi, a kansu da cikin kogunansu kakanninmu da yawa suka fake, kuma kufan garuruwansu suna nan a kan tuddai. Wanda ya ba ka mafaka ranar wuya bai cancanci ka tuɓe shi tsirara ba.

Roƙona ga ƙungiya

Ina da roƙo uku, babu mai bukatar kuɗi masu yawa. Na farko, mu sa kanta guda a ɗakin gwaje-gwaje, kowane tsohon ɗalibi in zai zo taron baɗi ya riƙo dutse ɗaya daga inda yake aiki, da takarda mai sunan wurin. Na Jos ya kawo mai kuza, na Sakkwato ya kawo farar ƙasa, na gida ya kawo shist da giranit da marmara. Matsalar tsaro ta sa fita da ɗalibai yawon ganin ƙasa ya yi wuya a shekarun nan, to mu kawo musu ƙasar cikin aji kafin Allah ya kawo sauƙi. Na biyu, ƙungiya ta ɗauki ƙa'ida cewa ba za ta sa ko kwabo a haƙar rijiya ba, a makaranta ko a gari, sai an auna wurin tukuna. Na uku, kowane rukunin shekara ya ɗauki gefe guda na harabar makaranta ko wani gangare da ruwa ke ci, ya dasa itatuwa, ya kuma biya wanda zai yi musu ban ruwa har su kama, domin dashe ba reno aikin banza ne.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu. Malam, ka ba mu amsa cikin jimla biyu, ni kuwa sai da na yi shekara huɗu a jami'a, na kuma yi asarar rijiya guda, kafin na gane ta. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙannena ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku tambayi tsofaffi yadda falalen ƙauyenku take a da, ku auna ta, ku rubuta, ku kawo wa malaminku.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, malamai su gyara mini kamar yadda suka saba. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.